Safiyar Da Motar Alhaji Ta Yi Kuka

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu sun wuce kamar ruwan wanke-wanke da aka watsar a tsakar gida, kafin azahar ko damshinsu ba ka gani. Amma akwai wata safiya guda wadda ba zan manta da ita ba har ranar da za a ɗauke ni, safiyar da motar maigidana ta yi kuka a ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma, unguwa duka ta fito kallo. Ni ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe biro ba, faɗi nake yi ana rubutawa. Sai dai duk abin da na ajiye a kaina yana nan inda na ajiye shi, kuma ina gode wa Allah da wannan, don na zauna da mutumin da aka karɓe mashi nashi.

Alhaji direba ne tun kafin ya aure ni. Dutsin-Ma zuwa Kurfi, Kurfi zuwa Katsina, babu ramin da bai sani ba a hanyar nan. A tasha ya fara ganina, na rako gwaggota cin kasuwa, kuma tun daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'Yar Kurfi. In yana cikin jin daɗi, 'Yar Kurfi. In na ɓata mashi rai ma 'Yar Kurfi ce, sai dai ya ja ƙarshen. Da ƙarfinshi ya fara ja baya sai ya bar lodi, amma bai rabu da motarshi ta ƙarshe ba, wata fara mai dogon baya, tsohuwa tukuf, wadda ya yi wa rumfar kwano a gefen zaure. Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya goge ta, ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana sauraren inji kamar mai sauraren karatu.

Shekarun baya an taɓa sace mashi wata mota a bakin kasuwa. Ya shiga salla, ya fito ya tarar da wurin fili. Abin ya ci shi ƙwarai, ya daɗe yana tafiya kamar wanda ya tashi daga jinya. Shi ya sa da ya samu wannan farar, sai ya kai ta birni aka sa mata abin da suke ce wa sikiriti. Wani ɗan allo ne mai maɓallai, irin na wayar hannu ta da, an ɓoye shi a ƙarƙashin sitiyari. Kafin mota ta tashi sai an danna lambar da mai ita ya zaɓa. In ka danna ba daidai ba za ta ɗan yi maka uzuri, in ka sake ka kuma sakewa sai ta kulle kanta ta fasa ihu da jiniya, har maƙwabtan maƙwabta su ji.

Lambar nan babu mahalukin da ya san ta sai shi. In zai danna, da hannun babbar riga yake karewa. Ni ban taɓa tambaya ba, mi ya haɗa ni da mota? Babban ɗanmu ne ya taɓa gwadawa. Suna shan shayi a zaure ya ce, "Baba, da ka faɗa mani lambar nan, saboda wata rana." Alhaji ya ajiye kofi ya dube shi ya ce, "Wace ranar? Ranar rabon gado? To ka jira ta zo." Yaron ya sunkuyar da kai, bai sake ba. A wajenmu ka tambayi uba sirrin abin da ya mallaka yana raye, kamar ka fara auna mashi likkafani ne.

A hankali abin ya fara. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, jim kaɗan ya ce, "'Yar Kurfi, yau ba za a ba ni abinci ba ne?" Wata rana ya ce in aika a gaida yayanshi, mutumin da shi da kanshi ya yi wa wanka aka kai maƙabarta tun yaranmu suna ƙanana. Na san sunan da ake kiran wannan abu a gari. Cewa ake yi wane ya ruɗe. Kuma na ga yadda ake yi wa wanda aka ce ya ruɗe: yara su riƙa tambayarshi sunanshi don su yi dariya, manya su daina neman shawararshi, a yi magana a kanshi yana zaune kamar turmi. Na ce a raina ba dai Alhaji ba. Ba mutumin da in rikici ya ɓarke a tasha shi ake aikowa a ɗauka ba.

Sai na shiga rufa mashi. In baƙo ya yi sallama, sai in leƙa ta labule in ɗaga murya, "Alhaji, ga ɗan wane mai faci ya zo gaishe ka," don ya san da wa yake magana. In ya sake neman tuwo in sake zuba mashi ɗan kaɗan, ban taɓa ce mashi ka ci ba. Ban faɗa wa kowa ba. Wanda ya kamata ya ji shi ne babban, shi kuwa ɗan fari ne. Mu irin tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta dube shi ido cikin ido suna hira. In ina da saƙo, matarshi nake ba, ko kuwa in fuskanci bango in ce, "A gaya wa mutanen gidan can gero ya ƙare," yana tsaye a wurin, shi kuma ya ce, "To, Inna." Haka muka yi tun yana yaro har ya tara nashi iyalin. To ta yaya zan fuskanci bango in ce ubanka ya fara manta sunayen 'ya'yanshi? Wannan ba maganar aike ba ce.

Ana cikin haka, da kaka, an gama yankan gero, autarmu da ke aure a Kurfi ta haifi namiji. Mijinta ya aiko cewa sunan Alhaji za a sa wa yaron. Ban taɓa ganin farin ciki irin na Alhaji a satin nan ba. Ya sayi goro da dabino, ya sa aka wanke mashi farar shadda, ya bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya ya ce ranar suna kowa ya shirya da sassafe, shi zai ja su da kanshi. Ni kuwa na tuna halin da yake ciki. Amma na lallashi kaina da cewa ai hanyar Kurfi ce, ko ido rufe zai kai, lambar kuwa kullum safiya hannunshi yana danna ta daidai, tun kafin ya gama tunani.

Ranar suna, da aka fito masallaci, dattawa suka cika mota, kowa da babbar riga da ƙamshin turare. Mu mata sai hantsi za mu bi su, don haka ina laɓe a cikin zaure ina leƙe. A gaba, kusa da Alhaji, tsohon yaron motarshi ne ya zauna, wanda shi ma gemunshi ya yi fari fat, yana da jikoki, amma har gobe Oga yake ce mashi. Mutum ne mai barkwanci. Sai na ji ya ce, "Oga, ka koya mani giya, ka koya mani birki, ka yi mani aure, amma wannan lamba ka hana ni. To yau idona buɗe yake, sai na gani." Dattawa suka yi dariya. Alhaji ma ya yi dariya, ya ja hannun riga ya kare, ya sunkuya.

Ni na san ƙarar da nake ji kowace safiya, ɗit-ɗit-ɗit da sauri, sai inji ya kama. Ranar sai na ji ɗit guda ɗaya, aka yi shiru. Wasan nan da aka yi mashi ya sa ya tsaya yana tunanin abin da hannunshi ya saba yi ba tunani. Ina hango ƙeyarshi, ina ganin kafaɗarshi ta tsaya cak. Can ya danna sauran a hankali, motar ta yi wani ɗan gurnani na ƙin yarda. Ya sake. Ta sake ƙi. Na dafe bangon zaure ina cewa ya Allah, ya Allah. Ya sake dannawa.

Sai ta fasa ihu.

Wanda bai ji ba ba zai gane ba. Awaki suka tsinke igiya, kaji suka haye katanga, dattawa suka yi ta fitowa daga mota suna tuntuɓe da riguna, kowa ya dafe hula. Kafin ka ce wani abu layin ya cika, mata sun leƙo ta kan katanga da muciya a hannu. Wani ya ɗaga murfin inji ya cire kan batir, ba ta daina ba, ashe jiniyar tana da nata ɗan batirin. Wani ya kawo buhu aka cusa mata, kukan ya koma kamar na wanda aka toshe wa baki. Alhaji kuwa yana zaune inda yake, hannu biyu a kan sitiyari. Ana ta ce mashi, "Alhaji, danna lambar mana! Kashe ta!" Shi kuwa yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ni kaɗai na sani, kallon mutumin da ya farka a garin da bai taɓa zuwa ba.

Sai na ji wata murya a cikin taron ta ce, "Anya ba mantawa ya yi ba?" Wata ta amsa, "Dama kwanaki na gaishe shi, sai da ya daɗe yana kallona kafin…"

Ban jira ƙarshen maganar ba. Na ja mayafi, na suri bokitin da ke bakin zaure, na fito tsakiyar maza. Na ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji, na ce, "Ku daina wahalar da bawan Allah! Ni ce. Jiya da la'asar na leƙa na ga cikinta duk datti, na ce ba za a kai dattawa suna a haka ba. Na sheƙa mata bokiti biyu, har ƙarƙashin sitiyarin nan sai da na cuɗa da sabulu."

Sai dariya ta ɓarke. Wani dattijo ya ce, "Haba Hajiya, kin ɗauka kwanon tuwo ce?" Wani ya ce, "Mu dai gode Allah ba ta shanya ta a igiya ba." Tsohon yaron motar ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafarshi, busasshiya ƙamas, ya ɗago ya dube ni. Sai ya fi kowa ɗaga murya, ya ce, "Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙafata da sanyi! Oga, fito. Ruwa ya shiga waya, yau ko wanda ya ƙera ta ba zai tayar da ita ba."

Ni fa a unguwar nan babu wanda ya taɓa yi mani dariya a gabana. Matan layin ni suke kira in an yi haihuwa, ni suke kira in an yi rashi, in na yi magana ba a maimaitawa. Amma daga ranar sunana ya koma Hajiya mai wankin mota, har yau akwai masu kwatance da shi. Ban taɓa gyara wa kowa ba sai yanzu da nake ba da labarin nan, kuma da za a mayar da ni safiyar, bokitin nan zan sake ɗauka.

Tsohon yaron motar ya tattara dattawa ya nufi tasha da su, ya ce Oga zai tsaya ya ga lafiyar mota. Ni kuma na kama hanyar zaure, Alhaji yana biye da ni cikin farar shaddarshi. Da ya zauna a tabarma sai ya ce mani a hankali, "Ina mutanen nan za su?"

Na ce, "Suna za su, Alhaji."

Ya ce, "Allah Sarki. Wa ya haihu?"

Na juya na mayar da bokitin inda na ɗauko shi.

Babban namu, wanda duk abin nan a gabanshi aka yi, ya hau babur ya ɗauko wani mai wayarin mota daga bakin kasuwa, wani magidanci marar yawan magana. Ya fara cire wayar jiniyar, shirun da ya biyo baya har ya fi kukan nauyi. Sannan ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya laluba ya zaro wani ɗan baƙin akwati da wayoyi ke fita daga jikinshi. Ya hura shi, ƙura ta tashi. Ya dubi akwatin, ya dube ni ina tsaye a bakin zaure, ya ce, "Lallai ruwa ya yi ɓarna, Hajiya. A riƙa bari mu maza muna wankewa." Allah ya saka wa mutumin nan da alheri duk inda yake.

Ya ce irin wannan sikiriti tsohon yayi ne, an daina kawo shi. Tsohuwar lamba babu mai iya ciro ta, sai dai a goge. "Akwai wani ɗan maɓalli a bayan akwatin," in ji shi. "In na danne shi na murɗa makulli, za ta manta duk abin da ta sani, ta koma kamar ranar da aka sayo ta. Sai mai mota ya danna sabuwa, ya maimaita, shi ke nan ta riƙe."

Babban ya jawo shi gefe, dab da ƙofar zaure, ya rage murya ya ce, "Ni zan sa sabuwar. Kada ka nuna wa Baba." Kunnena kuwa har yau ba ya barin magana ta wuce. Na juya na fuskanci bango yadda na saba, na ce, "A bar wa mai abu abinshi. Ba a karɓe wa mutum mota yana raye."

Ina jiran in ji to, Inna. Sai na ji ya matso ya ce, "Inna, yau bango ba zai amsa maki ba, ni zan amsa. Kin zaci ban sani ba? Da damina a bakin tasha na same shi yana tambayar mai rake hanyar gidanshi. Na ce mashi dama gida za ni, na goyo shi a babur. Wa kike zaton ke tsayawa kusa da shi a sahun salla yana taɓa shi in ya rikice? Na kasa faɗa maki ne. Nauyinki nake ji, kada ki ce na ce ubana ya…"

Na juyo na dube shi. Sai na ga furfura a gemunshi. Ni na haife shi, kullum yana shigowa gaishe ni, amma ban san ɗana ya yi furfura ba sai ranar. Ashe kaya ɗaya muke ɗauke da shi, ya kama gefe na kama gefe, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Ya ce, "Inna, da ta tashi ɗazu fa? Da ya hau titi da dattawa cike da mota, ya manta ina birki yake?"

Na ce, "In ka karɓe ta, ka kashe shi da sauran kwananshi."

Babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinmu, abin da ya sa maganar ta yi ɗaci ke nan.

Sai muka ji gyaran murya daga kan tabarma. Ciwon nan kamar wutar lantarki yake, a ɗauke, a kawo, ba sallama. Mun ɗauka Alhaji ba ya tare da mu, ashe an kawo.

Ya ce, "'Yar Kurfi."

Na ce, "Na'am, Alhaji."

Ya ce, "Ke da ko tsintsiya ba ki taɓa sa wa motar nan ba, yau ke ce da bokiti biyu har da sabulu?" Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya dubi shaddar jikinshi, ya dubi ƙullin goron da ke gefe, ya ce, "An tafi sunan ko?"

Na ce an tafi.

Na ga hawaye ya gangaro ya shige cikin gemu, mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarshi ban ga hawayenshi ba. Ya ce, "Na nemi lambar inda nake ajiye ta, na tarar da wurin fili. Kamar ranar da na fito salla a kasuwa. Wannan ɓarawon kuma babu sikiritin da ke tare shi." Ya juya ga babban ya ce, "Ranar da ka tambaya ta zo, ga shi kuma ban mutu ba. Ka yi gaskiya. Amma ba kai za ka riƙe ba. Kai in na roƙe ka za ka ji nauyina, ka tayar mani. Ita wannan ba ta jin roƙo, na daɗe ina gwadawa. A ba ta."

Na ce, "Alhaji, ni da ban san lambar boko ba?"

Mai wayarin ya ce, "Ba sai kin san sunansu ba, Hajiya. Wurin zamansu za ki riƙe."

Haka na durƙusa a ƙofar direba, inda ban taɓa kusanta ba duk zamana da mai motar. Mutumin ya danne maɓallin, ya murɗa makulli, wata 'yar jar wuta ta yi ta ƙyaftawa, can ta tsaya. Ya ce, "Ta manta. Bismillah." Na dubi allon, maɓallai jere sahu-sahu, sai na ga kamar tsakar gidana ce aka ƙanƙance. Na ce to, bari in bi hanyar da ƙafata ke bi kowace safiya. Daga ɗakina zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa ɗakin Alhaji. Na bi da yatsa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Motar ta yi wani ɗan kuka gajere, na amincewa. Da na waiwaya, sai na ga Alhaji a tsaye a bakin rumfa, ya ɗaga hannun babbar rigarshi, wanda ya saba kare allon da shi, ya rufe idonshi da kanshi don kada ya gani.

Mun je Kurfi ranar, bayan azahar. Ni na danna, babban ya ja, Alhaji ya zauna a kujerar fasinja. Tun daga fitarmu gari yake faɗa, "Kai, haka ake canja giya? Niƙa kake yi? Akwai rami bayan gadar nan, ka bi dama." Ramin kuwa yana nan inda ya ce. Mun tarar an raɗa suna tun da safe, an watse. Aka miƙo mashi takwaranshi, ya riƙe shi ya yi mashi addu'a mai tsawo, daidai, babu inda ya yi tuntuɓe. Auta tana ta yi mani tsiya, "Inna, mi ya kai ki wankin mota?" Na ce mata tsufa.

Daga nan aikina ya ƙaru. Kowace safiya kafin ya dawo masallaci sai in je in danna, ya zo ya tayar da ita, ya zauna yana sauraren inji, ni kuma ina zaune a gefenshi da carbina. Maƙwabta su wuce su ɗaga hannu, "Alhaji, ana ɗumama inji?" Ya danna masu hon. Mun daɗe a haka. Har wata safiya na ga ya kai hannu ga giya, ya ce fasinja suna jiranshi a tasha, rana tana yi. Na yi sauri na murɗe makullin. Daga ranar ban sake dannawa ba.

Ya roƙe ni. Ya yi faɗa, ya ja ƙarshen 'Yar Kurfi yadda yake yi in ranshi ya ɓaci. Ya dawo yana lallashi kamar yaro. Ni kuwa sai in ce motar ta lalace, an aika a kawo kayan gyara. Ya faɗi gaskiya, ba na jin roƙo. Sai dai in na bar wurin madafa nake shiga, in wani ya ga idona in ce hayaƙi ne.

Daga baya ya daina roƙo. Sai ya je ya zauna a mazaunin direba, inji a kashe, ya riƙe sitiyari yana kallon bangon rumfa. Wata safiya na kai mashi koko can, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, ina za ki? Shigo, saura mutum ɗaya mu tashi."

Hajiya. Bai taɓa kirana haka ba.

Na ajiye kokon a ƙasa, na zagaya na buɗe ƙofa na zauna. Na ce, "Kurfi za ni, direba."

Ya ce, "Madalla." Ya gyara madubi, ya murza sitiyari kaɗan, ya kauce wa wani ramin da shi kaɗai yake gani. Muka yi ta tafiya a cikin rumfa. Can ya ce, "Ni ma matata 'yar Kurfi ce."

Na ce, "Allah Sarki. Tana da kirki kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Faɗa gare ta kamar me. Amma ba ta taɓa bari na ji kunya a gaban mutane ba."

Na juya fuskata ga taga har muka iso.

Bai kai wata kakar ba Allah ya karɓi abinshi. An cika layin nan maƙil ranar jana'iza, direbobi tun daga Katsina, kuma har aka kai shi makwancinshi ban ji wanda ya ce Alhaji ya ruɗe ba. Watakila wasu sun sani suka yi shiru. In haka ne, Allah ya rufa masu asiri yadda suka rufa mana. Motar tana nan a rumfarta, babban ya ce a sa ta cikin rabonshi, ba za a sayar ba.

Abin da safiyar nan ta koya mani shi ne, ba sai mutum ya mutu ake rasa abin da ke kanshi ba. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine ni, da ita na raini nawa, amma akwai nauyin da in mutum biyu suna ɗauke da shi gara su dubi juna su ce ga abin da ke nan. Kuma duk abin da mutanen gida za su buƙata wata rana, kada a bar shi a kai ɗaya, ko da kan nan irin nawa ne. Shi ya sa a satin da aka sa sabuwar lambar na aika aka kira mani babban. Ban fuskanci bango ba. Na kai shi rumfa, na kama yatsanshi da hannuna, na bi da shi daga ɗakina zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa ɗakin ubanshi. Na ce, "Ka riƙe. Ni ma ban san ranar da zan nema in tarar da wurin fili ba."